Zuciyar Rago a Kan Teburin Likita

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Gombe,
tun ina riƙe wa Baffa ƙafar sa a mayanka.
Zuciya nawa ta bi ta hannuna? Allah ya sani.
In tsaga, in wanke gudan jini,
in gutsure farin bututun nan na samanta in jefa wa mage,
don mai tsire ba ya sayen jijiya.

Sai ga Gidado, autana, ya ajiye ƙwallo.
Daga Jekadafari zuwa Tashar Dukku sai ya zauna sau uku.
Da dare in haska shi da fitila,
in ga bugun ƙirjinsa ya hauro yana rawa a wuya.

Likita Lamela ta yi bayani, ban gane ba.
Ta zana a takarda, na ce to, don kunya.
Ta dube ni, ta ce, "Baba, mece ce sana'arka?"
Da na faɗa sai ta ajiye biro:
"Gobe ka zo mini da zuciyar rago.
Bututun nan kada ka taɓa shi, bar shi da tsawon ɗan yatsa,
shi ne tushen babbar jijiya."

Na kai mata a baƙar leda.
Ta fasa ruwan leda da haƙori, ta tsiyaya a bututun.
Na leƙa.
Wasu 'yan marafai uku, ba su fi ɓawon albasa kauri ba,
suka kumbura, suka haɗa baki,
ruwa ya tsaya cak.
Ko ɗigo bai wuce ta tsakiya ba.
Ni da nake cewa na san nama!
Ashe kullum ƙofa nake jefa wa mage, ƙofar zuciya.

Bayan kowane marfi akwai aljihu.
Biyu suna da 'yar kafa, na uku shafe yake.
Ta ce, "Mai dafa wa gida ita ma tana ci,
ta nan take ɗiban nata rabon,"
ta zura wa kafar tsinken tsintsiya.

Na Gidado kuwa, tsohon ciwon maƙogwaro ne,
wanda muka bi da citta da zuma har ya yi shiru.
Marafan sun takure kamar fatar da ta ji wuta,
bakin ƙofar ya saki.
Jinin da aka tura sai ya juyo,
a sake turawa, ya sake juyowa,
kamar mai ja da hujajjen guga a rijiya.

Ranar tiyata, in ji ta, inji zai karɓi aikin.
Za a tsayar da zuciyar ɗana, a buɗe sama da aljihunan.
In tushen ne duka za a canja,
sai a yanko kafofin nan biyu kamar maɓallan riga
a sake ɗinka su, ba lanƙwasa, ba ja.
Ta ɗora bakin tsinke ƙasa kaɗan, inda marfi biyu suka gamu:
"Nan akwai zaren da ido ba ya gani,
shi ke kai saƙon bugu daga sama zuwa ƙasa.
Allura ta zarce da ƙwayar gero,
saƙo ya ɓata a hanya."

Na ce, "Abin da ba a gani, yaya ake kauce masa?"
Ta ce, "Kai da asuba, ba wuta,
yaya wuƙarka ke samun gaɓa?"
Na yi shiru.
Na goge hannuna a riga, na dangwala a takarda.
Ban ce mata na daina tsoro ba, ba na ƙarya.

Saura kwana tara.
Yau a mayanka Manu ya ɗaga wuƙa zai gutsure bututu,
na riƙe hannunsa.
Masu saye na jira, mage na jira.
Na ce, "Miƙo butar nan tukuna.
Zo ka ga yadda take rufewa in tana da lafiya."